Tambaya da Amsa: Kuɗin sojan Lituweniya sai hauhawa yake yi, shin in dawo da ƙanena gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatun likita a Kaunas, ƙasar Lituweniya, saura masa shekara biyu ya gama. An turo mini wani jadawali a WhatsApp da ke nuna kuɗin da ƙasar ke kashewa kan soja ya ninka sau da yawa cikin shekara goma, tare da muryar wani mutum yana cewa duk ƙasar da ta yi haka to ta san ranar da za a fara yaƙi. Tun daga ranar mahaifiyarmu ba ta barci. Na ɗan karanta tattalin arziki, na san abin da kasafi yake nufi, amma wannan ya ɗaure mini kai. In sa shi ya tattaro ya dawo ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kwantar wa Mama da hankali. In dai wannan jadawali ne kaɗai dalilinki, kada ki katse wa yaron nan karatunsa.

Jadawalin bai yi ƙarya ba. A 2013 Lituweniya ta kashe abin da bai kai kashi 0.8 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba, wato ƙasa da Yuro miliyan 300, tana can kusa da ƙarshen layi a ƙungiyar tsaro ta NATO. Bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren a watan Maris na 2014, jam'iyyun Lituweniya suka sa hannu kan yarjejeniyar kai kason zuwa kashi 2 kafin 2020, suka kuma cim ma wannan a wajen 2018. Da Rasha ta auka wa Yukren gaba ɗaya a Fabrairun 2022 sai abin ya ƙara gudu: kusan Yuro biliyan 2 a 2023, sama da kashi 3 a 2024, sannan a Janairun 2025 shugaba Gitanas Nauseda ya sanar da cewa daga 2026 zuwa 2030 za su riƙa ware kashi 5 zuwa 6. Ga ƙasa mai mutum kimanin miliyan 2.9, wannan kaya ne mai nauyin gaske.

Wanda ya yi ƙarya shi ne mai muryar, kuma a kansa nake son in tsaya, domin irin wannan fassara ina cin karo da ita kusan kullum, har a bakin waɗanda ake gayyata gidajen rediyo a matsayin masana. Sun ɗauka layin kasafin soja tamkar agogo ne mai ƙidaya sauran kwanakin zaman lafiya: in ya hau yaƙi ya ƙarato, in ya sauka a kwanta a yi minshari. Ki ɗauki tarihin ita Lituweniyar kanta ki gwada wannan magana, ki ga ko za ta tsaya da ƙafarta.

A watan Agustan 2008 Rasha ta yaƙi Jojiya. A shekarar nan ce Lituweniya ta dakatar da aikin soja na dole ga matasa, a 2009 kuma tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi 15, aka datse kasafin tsaro, ya ci gaba da ramewa har 2013. To yaushe ne haɗari ya fi kusa da ƙasashen yankin tekun Baltik? Daidai lokacin da layin ya fi yin ƙasa, watanni kaɗan kafin Kirimiya. Da ƙaninki yana Kaunas a 2013, mai muryar nan zai ce miki babu inda ya fi can aminci, alhali a lokacin ƙasar ba ta da motocin yaƙi na zamani, ba ta da makaman kakkaɓo jirage masu matsakaicin zango, kuma bataliyoyinta ba su cika mutane ba. Kasafi yana biyo bayan tsoro ne. Sai an ga abu ya faru da maƙwabci sannan majalisa ta zauna, a yi ta muhawara, a ƙara kuɗin a shekara mai zuwa. Gemun ɗan'uwansu suka ga ya kama wuta, suke shafa wa nasu ruwa. Shi ya sa suka dawo da aikin soja na dole a 2015.

Sannan ki duba abin da ake saya da kuɗin, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso. A watan Agustan 2016 suka sa hannu kan sayen motocin sulke 88 samfurin Boxer a kan kusan Yuro miliyan 386. Na farko ba su iso ba sai 2019. A Disambar 2022 suka ƙulla cinikin na'urorin harba roka guda 8 samfurin HIMARS da Amurka a kan Dala miliyan 495. A Disambar 2024 suka yi odar tankokin Leopard 2 guda 44 daga Jamus, waɗanda sai an ƙera su tukuna, shekaru ake jira. Ga kuma barikin da suke ginawa a Rudninkai domin rundunar Jamus mai mutum kimanin 5,000 da aka tsara za ta kammala zama a 2027. Ki tambayi kanki, wanda ya san gobe da asuba za a afka masa, zai biya kafin alƙalami a kan tankar da ba zai gani ba sai bayan shekara biyar? Zai tsaya gina gidajen sojoji da makarantun 'ya'yansu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kashe kuɗi na mai shirin shekara goma ne, mai son ya sa maƙwabcinsa ya yi lissafi sau biyu kafin ya taɓa shi. Wani ɓangare na hauhawar da kika gani ma bashin sakacin shekarun 2009 zuwa 2013 ne ake biya.

Abin da ya sa nake kiran wannan fassara mai haɗari shi ne tana cutarwa ta fuska biyu. Tana tayar da hankalin uwa irin Mama a lokacin da babu dalili, har a salwantar da karatun shekara huɗu da kuɗin da aka sha wahalar tarawa. Mafi muni kuma, tana kwantar da hankalin mutum a lokacin da ya kamata ya tashi tsaye, domin ya saba jiran jadawali ya faɗa masa abin da jadawali ba ya iya faɗa. Ɗaliban Afirka da suka maƙale a kan iyakar Yukren da Polan a ƙarshen Fabrairun 2022, cikin sanyi, wasu bayan tafiyar ƙasa mai nisa, babu wani jadawalin kasafi da ya gargaɗe su. Alamun da suka bayyana a lokacin na kwanaki da makonni ne: sojojin Rasha fiye da 100,000 a bakin iyaka, ofisoshin jakadanci suna kwashe ma'aikatansu daga Kiyef, babban birnin Yukren, Amurka tana cewa 'yan ƙasarta su fita nan take, kamfanin jirage na KLM ya dakatar da zirga-zirga tun 12 ga Fabrairu. Masu tura murya a WhatsApp ba sa bin waɗannan, saboda bin su aiki ne, layi mai hawa sama kuwa da ganinsa ya isa ya razana mutum. Ina jin takaicin yadda mutum zai ɗauki waya ya jefa dubban gidaje cikin firgici, ba tare da ya taɓa buɗe takardar kasafin ƙasa ko sau ɗaya ba.

Tunda kin karanta tattalin arziki, ki kuma lura da ma'aunin da aka zana jadawalin da shi. In tsabar kuɗi ne ba a cire hauhawar farashi ba, to ki tuna a 2022 farashi ya tashi da kusan kashi 19 a Lituweniya, wani ɓangare na hawan ke nan iska ce. In da Dala aka zana, faɗuwa da tashin Yuro sun shiga ciki. In kaso ne na arzikin ƙasa, yana iya ɓoye gaskiya: a 2009 kuɗin sojan ya ragu ƙwarai, amma kason bai nuna zurfin raguwar ba saboda arzikin da ake auna shi da shi ma ya tsuke. Alƙaluman NATO da na cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Sitokhom su ma ba kullum suke daidai da juna ba, domin kowa da abin da yake ƙidayawa. Kuma ƙaramar ƙasa ciniki ɗaya babba ya isa ya ɗaga mata layi a shekara guda. Maganar da wasu ke yi cewa kashi 2 ɗin nan haraji ne da ake biyan Amurka, ita ma ba ta da tushe. Alƙawari ne da ƙasashen NATO suka ɗauka a taronsu na Wales a 2014 cewa kowace ƙasa za ta kashe wannan kaso a kan sojanta na kanta.

Ba ina ce miki Lituweniya ba ta cikin haɗari ba ne. Tana tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha, abin da ya haɗa ta da Polan ta ƙasa ɗan siririn zirin Suwalki ne, ba ta da jiragen yaƙi nata, ƙawayenta ne ke karɓa-karɓa wajen tsare mata sararin sama daga sansanin Shiyaulai tun shigarta NATO a 2004. Mutanen da sojojin Rasha na ƙarshe suka bar ƙasarsu a 1993 suna da hujjar tsoro. Ni a ganina ƙarin kuɗin daidai ne, kodayake kashi 5 zuwa 6 zai matse asibiti da makaranta, kuma a 2025 aka ƙara harajin kamfanoni daga kashi 15 zuwa 16 domin tara kuɗin tsaro. Abin da ya kamata ɗan ƙasar ya sa wa ido shi ne inda kuɗin ke shiga, don a 2016 an bankaɗo cewa rundunar ta sayi cokula da kayan kicin a kan ninkin farashin kasuwa sau da yawa, har abin ya zama babban abin kunya a siyasar ƙasar.

Ga abin da za ki gaya wa ƙaninki. Fasfonsa da takardar izinin zamansa su kasance da sauran wa'adi mai tsawo a kowane lokaci, kuma suna hannunsa. Ya ajiye kuɗin tikiti a gefe, kada ya taɓa. Ya karɓi takardar sakamakon kowane zangon karatu da zarar ta fito, domin rashin irin wannan takarda ya wahalar da ɗalibai da yawa da suka baro Yukren wajen neman gurbi a wata jami'ar. Ya riƙa bin sanarwar jami'arsa da ta ofisoshin jakadancin da ke Vilnius, babban birnin ƙasar. Ranar da ya ji sun fara mayar da iyalan ma'aikatansu gida, ko kamfanonin jirage sun fara soke tashi, ya kama hanyar Polan a ranar, kada ya tsaya jiran jarrabawa. Ki karanta wa Mama wannan, ki kuma goge muryar nan daga wayarta. Allah Ya tsare shi, Ya ba shi sa'ar kammalawa.