Kan labari mai zafi: siyasa ce ko neman dannawa?

Malam ka tambaya wai in kan labari ya zo da zafi, son kai ne na siyasa ko ƙarin gishiri ne kawai. To ni na yi kusan shekara uku ina rubuta kanu a wani shafin labarai na Hausa, kuma wallahi yawancin abin da kuke zaginmu a kai ba jam'iyya ba ce, yunwa ce. Oga ba ya tambayar wa labarin ya taimaka, mutum nawa suka danna kawai yake dubawa, don da dannawar kuɗin talla ke shigowa. Shi ya sa komai "Da ɗumi-ɗumi", komai "Tirƙashi", ɗage zaman kotu ma sai mu sa masa Innalillahi kamar an yi rasuwa. Ka tuna 2017 da Buhari ya yi sama da kwana 100 yana jinya a Landan? Jita-jitar ya rasu ta yi ta yawo, na ga masu yaɗa ta yau, gobe su ne da hotonsa wai ya warke, ba ruwansu da APC ko PDP, sunan ne ke ciniki.

Shi son kai ba ya ihu, a hankali yake shigowa. Duba rikicin masarautar Kano, Mayun 2024 da gwamna Abba ya mayar da Sanusi, Aminu Ado kuma ya sauka a gidan Nasarawa. Wani ya rubuta "Sarkin Kano", wani "tuɓaɓɓen sarki" duk a kan mutum ɗaya, masu gudun rigima suka koma cewa na 15 da na 16. Haka "gwamnati ta ce" da "gwamnati ta yi iƙirarin", kalma ɗaya ce amma ta gama nuna maka inda mai rubutun ya jingina.

Wanda ya fi muni kuma ba ma za ka gan shi ba. Na taɓa gama labari tsaf da hujjoji kan wani babba da ke ba mu talla, waya ɗaya aka bugo, oga ya ce a ajiye shi tukuna, har na bar aikin yana ajiye. Ni yanzu in ina son gane shafi sai in koma baya wata guda ina duba wane ɗan siyasa ne bai taɓa samun Tirƙashi ba.