Ga mai shirin zuwa Arusha sayen tanzanayit

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka saba da safayar Mambila, kana so ka haɗa jari ka zo Arusha ta Tanzaniya ka shiga harkar dutse mai daraja na tanzanayit, kana tambayar yadda ake gane dutse mai kyau da kuɗin da ya cancanta. Idon da ka horar a gida zai yi maka rana, amma wannan dutsen halinsa daban ne.

A duk duniya wuri ɗaya ake haƙo shi, wato tsaunukan Mirerani da ke gundumar Simanjiro a arewacin Tanzaniya. A 1967 aka gano shi, kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa suna. A 2018 gwamnatin shugaba Magufuli ta kewaye filin da katanga mai tsawon kilomita 24 don toshe fasa-ƙwauri. Saboda haka duk ɗanyen dutsen da wani ya zaro daga aljihu a bayan otal babu takarda, ka fara tambayar ta inda ya fito.

Kuɗin tanzanayit a launi yake. Wanda ake rububi shi ne shuɗi mai kauri da ɗan shunayya a cikinsa, wanda bai yi duhu har ya koma baƙi ba. Mai launi tsarara-tsarara shi ya cika kasuwa, kuma farashin karat ɗinsa (ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja) bai kama ƙafar na mai kaurin ba. Inda baƙo ke faɗawa shi ne wajen haske. Dutse ɗaya zai fi shuɗi a hasken rana, ya koma shunayya a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, kuma dillali ya san fitilar da ta fi yi wa kayansa kyau. Ka fito da shi bakin taga, ka ɗora a kan farar takarda, ka goge shi, don maiƙon hannu na ɓoye tsaga. Sannan ka juya shi. Ɗanyen da ba a gasa ba yana nuna launi uku gwargwadon ɓangaren da ka kalla: shuɗi, shunayya, da ja mai ruwan ƙasa. Mai yankan da ya fuskantar da dutse ta ɓangaren shuɗin yakan yi asarar nauyi mai yawa, shi ya sa shuɗin ya fi tsada.

Gasa dutse ba algus ba ne a wannan harka. Kusan duk wanda ke kasuwa an gasa shi a zafin da ya kai digiri 500 zuwa 600 don ruwan ƙasan ya fita, kuma launin ba ya komawa. Algus ɗin shi ne shafe dutse mai tsarara da sinadarin kobalt. Launi yakan yi kauri ne idan dutse ya girma, musamman daga karat 5 zuwa sama, don haka ƙaramin da bai kai karat ɗaya ba amma ya yi shuɗi shar, ka sa masa madubin nan mai ninka girma sau 10, ka bi gefunan yankan. Shafen yakan goge a nan.

Kada sabo da safaya ya yaudare ka. Taurinta 9 ne a ma'aunin Mohs, shi kuwa tsakanin 6 da 7, ga shi yana da layin da yake tsagewa a kai da bugu ɗaya. Haska tocila ta gefensa. Tsagar da za ka yi wa safaya haƙuri, a nan ita ce za ta raba dutsen biyu a wuta ko a hannun mai yanka. Yankakke kuma ana son ido ya gan shi garau. Ka ɗora shi a kan rubutun jarida, in ka karanta haruffa ta tsakiyarsa, yankan ya yi faɗi, haske na zurarewa. Mai ƙaton ciki kuwa nauyi kawai kake biya.

Jabu akwai gilashi, akwai duwatsun sifinel da fostarait da ake haɗawa a masana'anta. Gilashi ba ya sauya launi in an juya shi, wani lokaci har kumfa za ka gani a ciki. Fostarait ya fi rikitarwa don shi ma yana sauyawa, sai dai na'urar auna karkacewar haske na tona shi: tanzanayit yana ba da 1.69 zuwa 1.70, nasa ƙasa da haka yake. Nauyin na gaske ya ninka na ruwa sau 3.35. Wannan “AAA” da ake rubutawa a leda don nuna darajar dutse kuwa, kowane shago da nasa, babu hukumar da ta tsayar da shi. Dutse mai tsada, a kai shi ɗakin gwajin da ba na mai shagon ba kafin kuɗi ya fita.

Lissafin ɗanye daga baya ake faro shi. Giram ɗaya karat 5 ne, abin da ke saura bayan yanka kuma yawanci rubu'i ne zuwa sulusi. Ɗanyen giram 2 ke nan zai ba ka karat 2 da rabi zuwa 3 da sulusi, in bai fashe ba. Ka san nawa mai sayenka zai biya a karat, ka cire kuɗin gashi da yanka da la'ada da haraji, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. In ba ka da mai saye a ƙasa tun kafin ka taso, a ganina zuwan farko ka yi shi na kallo, ka tsaya kan yankakke ɗaya ko biyu.

Doka kuma ba a yi mata wayo a nan. A 2010 aka hana fitar da ɗanyen da ya wuce giram ɗaya, don a riƙa yankawa a gida maimakon a kai Jaifur ta Indiya. Ciniki sai da lasisin hukumar ma'adinai, wadda suke kira Tume ya Madini, lasisin dillanci na 'yan ƙasa ne, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar kasuwanci. Ka saya wurin mai lasisi, a rubuta maka rasit mai ɗauke da nauyi da farashi, ka karɓi izinin fitarwa kafin ka nufi filin jirgi. Dutsen da ba shi da waɗannan takardu ƙwace shi ake yi, mai shi kuma ya gurfana a kotu.