Manhajarka ta faɗi, amma ta ce lafiya lau

Tambaya: Malam, ina koyon harshen C. A misalan da nake gani, wasu na rufe main (sashen da manhaja ke fara aiki daga gare shi) da return 0, wasu da EXIT_SUCCESS. Ni kuwa in an samu matsala -1 nake sawa. Da laifi? Daga wani ɗalibi a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Da laifi mana, ƙanena, kuma wannan -1 ɗin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Lambar da main ke mayarwa saƙo ce zuwa ga wanda ya kira manhajar, shi ke duba ta ya san ko aiki ya yi. A Linux, daga 0 zuwa 255 kawai ke isa gare shi. Buga echo $? bayan manhajar ta gama, za ka tarar -1 ɗinka ta zama 255. Wanda ya fi ka ɓarna shi ne mai mayar da adadin kurakuran da ya ƙirga: ranar da suka cika 256, lambar za ta fito 0, wato an yi nasara. Sai make, mai harhaɗa manhaja mataki-mataki, ya ci gaba da aikinsa, && (mai gudanar da umarni na biyu in na farko ya yi nasara) ya wuce zuwa umarni na gaba, wataƙila mai goge tsohon fayil alhali sabon bai rubutu ba.

Tun ƙa'idar C ta 1989 aka tanadi EXIT_SUCCESS da EXIT_FAILURE a cikin stdlib.h. Ƙa'idar ta yarda 0 nasara ce, don haka return 0 ba kuskure ba ne. Amma ba ta ce 1 ko -1 gazawa ba ce, EXIT_FAILURE kaɗai ta lamunta. A VMS ma, wani tsarin gudanar da kwamfuta, 1 nasara take nufi.

Masu rubuta wa ɗalibai misalai nake fi jin haushi. Ɗalibi abin da ya gani yake kwafa, har da waƙafi. In ka rubuta masa EXIT_FAILURE, ya karanta ya gane ba sai an yi masa bayani ba. In ka bar masa lamba tsirara, da ita zai shiga wurin aiki. Ni ko misali mai layi biyar ne sai na sa sunayen, saƙon kuskure kuma ya bi ta stderr, hanyar da aka ware wa saƙonnin kuskure.

Tambaya: Na rubuta void main() kuma ta yi aiki. Daga Tibiri.

Amsa: Sa'a ka taka, ɗan'uwa. Mayar da ita int main(void) tun kafin wani ya gani.

Tambaya: Windows gare ni, echo $? ba ta nuna lambar. Daga wata ɗaliba a Tasawa.

Amsa: A cmd, tagar buga umarni ta Windows, echo %ERRORLEVEL% za ki buga, malama.