Tambaya da Amsa: Waɗanne 'yan shara zan zuba a tankin murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300, wata takwas ke nan da kafa shi. Akwai ƙananan kifaye huɗu da murjani mai taushi. Yanzu koriyar gansakuka mai kama da gashi ta rufe duwatsun, yashi ya fara dafewa, ga kuma waɗannan 'yan halittu masu yatsu da ake kira Aiptasia suna ta yaɗuwa suna ƙone mini murjani. Na gaji da kallon dodon koɗi, ina son abin da ba kowa ke da shi ba. Mai shago ya nuna mini zomon teku, da tauraron teku mai tonon yashi, da wani jan kokwamban teku mai kyau da suke kira tuffar teku. Wanne zan saya? Mai karatu daga Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin ukun nan, biyu ka bar wa mai shago kayansa. Zomon tekun kuma aro za ka yi, ba saye ba.

Tuffar teku, wato Pseudocolochirus, ba ta shara ko kaɗan. Baza yatsunta take yi tana tace ƙwayoyin abinci daga ruwa, kuma ranar da ta wahala ko injin juya ruwa ya tsotse ta, takan saki dafin da ke iya kashe kifin tanki gaba ɗaya. Shi kuwa tauraron yashi, Astropecten, ido zai gaya maka aiki yake yi saboda yashi ya yi fari. Abin da yake ci a ciki shi ne tsutsotsi da ƙananan ƙwarin ruwa da ke narkar maka da datti kyauta. A lita 300 zai cinye su, sannan yunwa ta kama shi, hannuwansa su riƙa guntulewa, ya mutu a ƙarƙashin yashi inda ba ka gani.

Zomon teku, Dolabella auricularia, gwani ne a kan gansakuka mai gashi, wannan ba musu. Sai dai kamar ka saki rago ne a ƙaramin lambu: kafin ka ankara ya share ganyen tas, ya tsaya yana jiran wani. Gansakukar na ƙarewa zai fara rama. Don haka ka shirya da mai shago tun farko cewa za ka mayar da shi, ko ka nemi wani mai tanki da zai karɓa. Ka rufe bakin injinan ruwa da raga, domin jikinsa laushi gare shi, kuma in ya firgita yakan fesa tawada mai ruwan shunayya.

Yawancin halittun da ke ɗaukar ido haka suke: abu guda suke ci. Kafin ka ciro kuɗi, ka tambayi mai shago abin da dabbar za ta ci bayan ta gama aikin da ka sayo ta dominsa. In ya fara kame-kame, ka wuce.

To, ga abin da zan zuba da tankin nawa ne.

Na farko, bushiyar teku ƙwaya ɗaya, irin mai gajeren ƙaya da ake kira Mespilia globulus. Ba ta wuce girman lemon tsami babba ba, da ratsin shuɗi mai santsi tsakanin layukan ƙaya. Bakinta a ƙasa yake, da haƙora biyar, tana kankare dutse har sai ya yi fari. Kada ka raina aikin dangin nan. A 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na bushiya mai dogon ƙaya, Diadema antillarum, a tekun Karebiyan, kuma bayan haka gansakuka ta mamaye murjanin Jamaika. A 2023 ma an ga irin wannan mutuwa a arewacin Bahar Maliya, wajen mashigin Aƙaba. Aibin Mespilia biyu ne. Tana cinye har da jar gansakuka mai tauri da masu tanki ke so ta rufe dutse, kuma tana da kwashe-kwashe: za ka tashi da safe ka tarar ta ɗora guntun katantanwa, da tsakuwa, da reshen murjaninka mai tsada a ka, tana yawo da su. Duk murjanin da ba ka manne da gam ba, nata ne.

Na biyu zai ba ka dariya: wuri. E, wurin nan dai da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi. Monetaria moneta daga tsibiran Maldibs aka riƙa kawo shi, ɗan'uwansa Monetaria annulus mai zoben rawaya kuma daga gaɓar Zanzibar. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke canjin dalar azurfa ɗaya. Mu mun san ƙoƙon kawai, amma mai ransa dodon koɗi ne mai cin gansakuka, ba ya ture dutse, ba ya damun murjani. Da rana yakan ɓuya a ramin dutse. Ka kashe fitila, ka dawo bayan isha da 'yar tocila, za ka ga ya fito ya lulluɓe bayansa da wata fatar jiki mai tsiro-tsiro, har ba ka gane shi sai ka taɓa shi fatar ta janye, ƙyallin ya bayyana. Biyar ko shida sun isa. Amma ka kula, babban wuri mai ɗigo-ɗigo, Cypraea tigris, ba ɗaya ba ne. Shi yakan ci murjani mai taushi.

Yashi kuma ka ba wa Conomurex luhuanus guda ɗaya, dodon koɗi mai dogon baki da idanu a kan tsinke, da 'yan Nassarius kaɗan. Su Nassarius ba sa cin gansakuka, ragowar abinci da mushe suke ci. A binne suke kwana, hanci kawai a waje, kana zuba abinci su ɓullo.

Maganar Aiptasia, akwai hanya biyu. Berghia stephanieae, wani farin dodon koɗi marar ƙoƙo, ba ya cin komai a duniya sai ita. Yana gamawa ka miƙa shi ga wani. Ko kuma jatan lande na dangin Lysmata mai jan ratsi, wanda yana cin ragowar abinci ma. Ka duba da kyau kada a haɗa ka da Rhynchocinetes, mai tozo a baya da fararen ratsi, don shi murjaninka zai cinye. Kada ka haɗa hanyoyin biyu, jatan landen yakan cinye Berghia.

Dodon koɗin da ka gaji da shi kuwa, in irin Trochus ne, ka bar shi. Shi ke goge gilashi, kuma in ya kife yana iya juyowa da kansa, abin da wani dodon koɗin mai suna Astraea ba ya iyawa.

Duk wannan ba zai yi amfani ba matuƙar kana cika wa kifi abinci ko kana ƙara ruwan famfo. Gansakuka da naitiret da fosfet take rayuwa, wato sinadaran da datti ke tarawa a ruwa; ka auna su, ka rage abinci, ka yi amfani da tataccen ruwa. Gishiri ya tsaya giram 35 a lita, zafi tsakanin digiri 24 da 26. Ruwan Bahar Maliya ya fi haka gishiri, ya kusan giram 40, don haka ka tambayi mai shago ma'aunin ruwansa, ka saba wa sabuwar dabba da naka ɗigo-ɗigo na kamar awa guda, musamman bushiyar. Kada ka zuba su rana ɗaya, ka bar mako biyu tsakani. Kuma in kifi ya yi ciwo aka ba ka magani mai jan ƙarfe a ciki, ka cire kifin zuwa wani tanki daban ka yi masa maganin a can, domin ko kaɗan ya shiga wannan tankin zai kashe duk waɗanda na lissafa maka.