Waya ta faɗi sunan tsuntsun, amma namiji ne ko mace?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wani ɗan tsuntsu ne ke sauka kan tsabar gero a tsakar gidanmu a Unguwar Rimi, Kaduna, bayansa ruwan ƙasa, ƙirjinsa shuɗi. Ƙanena ya ɗau hotonsa ya turo min ta WhatsApp, na saka a Google Lens ya kawo min sunaye uku daban-daban. Akwai manhajar da za ta faɗa min sunansa, namiji ne ko mace, babba ne ko ɗa?

AMSA: Malam, da jin siffar nan na fi zaton asisi ne. Amma bari mu fara da hoton, don can matsalar take. WhatsApp na matse hoto kafin ya tura, kuma abin da ke fara lalacewa shi ne ƙananan alamomi irin na kunci da gefen baki, su kuwa ake nema. Ka ce wa ƙanen naka ya sake turowa a matsayin fayil, zai iso yadda kyamara ta ɗauke shi.

Google Lens ɗan kama-kama ne, duk abin da ya yi kusa sai ya jero maka. Sauke Merlin Bird ID, ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, kyauta ce. Ka sauko da kundin tsuntsayen yankinmu lokacin da kake da isasshiyar data, ka yanke hoton har tsuntsun ya cika fuskar waya, sannan ka ba ta wuri da ranar da aka ɗauka. Kar ka tsallake wannan. Asisi na da 'yan uwa masu kama da shi a gabashi da kudancin Afirka, kuma rubuta Kaduna ne zai kore su.

Iyakar aikin manhaja ke nan, ta ba ka suna. Sauran na idonka ne. Namijin asisi na da jan tabo a kunci, kamar an ɗiga masa lalle. Macen ba ta da shi, shuɗinta ma ya fi dusashewa. Sai dai a nan ake zamewa: ɗan da bai balaga ba, ko namiji ne, ba shi da tabon tukuna. Don haka rashin ja a kunci bai isa a ce mace ba ce. Duba inda shuɗin ya tsaya. Idan fuska da maƙogwaro kawai ya kama, bai gangara haƙarƙari ba, ƙarami ne. Idan kuma gefen bakinsa na ɗan kumbure da haske, bai daɗe da barin sheƙa ba. Amma duk wanda ya ce zai ƙirga maka shekarun babban asisi daga hoto, tatsuniya yake maka.

Ni ma na taɓa rantsewa wata mace ce, ashe hazon hunturu da ranar da ke bayansa ne suka cinye jan. Ka bari rana ta kasance a bayanka, da safe ya fi. Kar ka zuƙo da yatsa, ka matsa a hankali, ka ɗauki hotuna da yawa a jere har ka samu wanda ya ba ka gefen fuska. In har yanzu da kokwanto, ɗora biyu ko uku a iNaturalist, dandalin da ake tantance halittu ta hoto, masu ido za su duba maka.