Timiya ko Iferwan: ina ya fi dacewa da mai neman hutu a duwatsun Abzin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina son in kai iyalina wurin da babu hayaniya, mu yi kamar mako guda. An ba ni shawarar Timiya, wasu kuma sun ce Iferwan. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda da iyali za ka, Timiya ta fi dacewa.

Ƙauyen yana cikin kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Arzikinsa garake ne: lemu, rumman da dabino, ana ban-ruwa daga rijiyoyi, a da raƙumi ko sa ke jan guga, yanzu inji ya yawaita. Komai kusa yake. Da safe a zaga garake, da hantsi a je magangarar ruwan da ke bayan gari, da la'asar a hau tudun da Faransawa suka gina ganuwar Massu, daga can ana hangen kwarin baki ɗaya. Rana guda kuma a ware ta don kufan Asode, tsohon birnin Abzinawa. Yara da tsofaffi duk za su iya wannan. Sai dai kada ka yi wa yara alkawarin ruwa mai ƙugi, don ƙarfinsa ya danganta da damanar da aka yi.

Iferwan tana can arewa, a gindin dutsen Tamgak mai tsayin kusan mita 2,000, kuma ita ce ƙofar gandun Ayir (wato Abzin) da Tenere da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. Wuri ne na mai ƙafa da lokaci: hawan dutse, zanen mutanen da a jikin duwatsu, maƙeran azurfa. Amma yawancin abin kallon sai an sake shiga mota, kuma idan tafiyarka ta dace da bikin Ayir da aka saba yi a can cikin Disamba, shirun da kake nema ba za ka same shi ba.

Hanya ce babbar magana. Daga Maraɗi ka bi ta Damagaram da Tanut, ko ta Ƙwanni da Tawa, ka kwana Agadas. Daga nan zuwa Timiya babu kwalta, yini guda ne cur cikin kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ta garin Elmeki. Iferwan galibi ta Arlit ake binta, ta fi nisa. Ke nan a makon naka, aƙalla kwana huɗu na hanya ne, zuwa da dawowa.

Kada ka shiga da ƙaramar mota. Ka ɗauki direba ɗan yankin, da tayar safaya biyu, domin duwatsun suna da kaifi, gefen taya suke yankawa, facin kuma ba ya riƙewa. A cika mai a Agadas, a ƙara da jarka. Ruwan sha lita biyar ga kowane mutum a yini. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, kada a dogara da waya.

Lokaci mafi kyau Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin dare a Disamba da Janairu ya wuce hunturun Maraɗi nesa, don haka kowa da bargonsa, yara da hula da safa. Daga Yuli zuwa Satumba a haƙura: ruwa na iya sauka a kan dutse can nesa, korama busasshiya ta cika cikin mintoci, shi ya sa ba a yada zango a cikinta.

Kafin ka biya kowa ko dala, ka tuntuɓi jandarmomi a Agadas kan halin tsaron hanyar a wannan makon, kowane babba kuma ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa.