Dashbod a Gilashi, Rana a Ido: Amsoshin Tambayoyinku kan Tuƙi

Tambaya: Malam, ina jigilar fasinja da Sharon tsakanin Kano da Azare. Da zarar rana ta ɗaga sai in riƙa ganin hoton dashbod ɗina a jikin gilashin gaba, titi kuma ya dushe. Yaron da ke wanke min mota ya ce akwai wani man feshi mai tsada da zai magance. In saya? Daga wani direba, Azare.

Amsa: Kar ka saya, Malam direba. Ina kyautata zaton man da yaron yake fesawa kullum shi ne ya jawo maka. Yawancin man goge dashbod da silikon ake haɗa shi don ya yi sheƙi. Rana ta daki dashbod mai sheƙi, hasken ya koma kan gilashi, gilashin kuma da yake a kwance yake sai ya turo maka shi cikin ido. Ka samu tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu ka goge man nan sau biyu ko uku har dashbod ya koma ba ƙyalli, ka kuma hana yaron sake fesawa ko da kyauta ne. Sannan ka kwashe kayan da ka jibga a kai: takardun mota, kwalin tishu, hula, rasidin tasha. Duk abu mai farin launi sai ya fito a gilashi. Idan dashbod ɗin kansa mai hasken launi ne, ka je wajen masu ɗinkin kujerun mota su yanka maka baƙin kafet marar sheƙi daidai da shi. Banda farin gashin nan mai laushi da samari ke shimfiɗawa don ado, ya fi komai ɓata gani. A bar ramukan iska a buɗe, kuma kada a manne kafet a kan wurin da jakar iska take fitowa ta gefen fasinja.

Tambaya: Na sayi baƙin tabarau a wajen masu talla a danja, an rubuta Polarized da UV400 a jikinsa, amma har yanzu ƙyallin gilashi yana damuna idan zan ɗauko yara daga makaranta. Ko idona ne ke da matsala? Daga wata Hajiya, Kaduna.

Amsa: Hajiya, idonki lafiya lau in sha Allah. Jabu aka sayar miki. A nan zan ɗan tsaya, don wasiƙu irin taki sun yi yawa, kuma abin yana ci min rai.

Tabarau mai folarais (Polarized) na gaskiya yana da wani siririn shafi a cikin gilashinsa wanda ke tare hasken da ya dako wani abu ya dawo a kwance, kamar na kan kwalta mai zafi, ko ruwa, ko hoton dashbod a gilashin gaba. Shi ya sa idan aka sa na gaskiya, hoton dashbod ɗin nan kusan ɓacewa yake yi. Baƙin fenti kawai ba ya yin wannan aikin. Duhu yake ƙara wa komai, titi da ƙyallin baki ɗaya. Ita kuwa takardar da aka liƙa a jiki, kowa na iya buga dubunta a rana ɗaya. Tabaran da kuɗinsa bai kai na litar fetur ba, an ɗora masa sunan babban kamfanin Turai, mai tallan ma yana gudu yana bin motarki kafin danja ta saki, me ya sa za ki yarda da rubutun da ke jikinsa?

Abin bai tsaya a asarar kuɗi ba. Idan mutum ya sa baƙin gilashi, ƙwayar idonsa buɗewa take yi don ta samu haske. In gilashin ba ya tare hasken rana mai cutarwa da gaske, wato aikin da rubutun UV400 ke cewa yana yi, to an buɗe masa ƙofa ke nan ya shiga fiye da yadda zai shiga da ido tsirara. Wasu kuma duhunsu ya wuce ƙa'ida. Akwai lamba daga 0 zuwa 4 da ake sa wa tabarau na kirki, kuma mai lamba 4 ba a yarda a yi tuƙi da shi ba sam. Na danja ba shi da lamba, in ma akwai, ba abin dogaro ba ce. Ki shiga ƙarƙashin gadar Kawo da irin wannan duhun a ido, ɗan acaɓa ya gitta, sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da ke ban mamaki, mutumin da zai yi sati yana zagaye kafin ya sayi waya, ya duba kwali, ya kira abokinsa na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya tabbatar masa, shi ne zai miƙa hannu ta taga ya sayi abin da zai ɗora a kan idonsa cikin daƙiƙa goma. Waya in ta lalace a sake wata.

Gwajin ba wuya. Ki riƙe tabaran a gaban fuskar kwamfuta ko kalkuleta, ki juya shi a hankali har ya tsaya a tsaye. Na gaskiya zai yi duhu ƙirin a wani wuri sannan ya washe. Jabu ba ya canzawa. Ko ki ɗora guda biyu, ki juya ɗaya ya gitta ɗayan, in ba su yi baƙi ba ki mayar masa da kayansa. Ki saya a shagon masu gilashin ido ko asibitin ido, inda gobe za ki same su in ya ba da matsala. Abu ɗaya dai, na gaskiyar yakan dusar da rubutun allon rediyo ko na agogon wasu motoci, don haka ki gwada shi a cikin motarki kafin ki biya.

Tambaya: Ina so in sa tinti mai duhu a gilashin gaba gaba ɗaya, rana ta daina damuna kuma motar ta yi kyau. Wane iri ya fi? Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Babu. Kai da dare ba ka tuƙi ne? Ko rana kawai ka sani? Tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilashi a Najeriya sai da izini daga 'yan sanda, kuma ko da izinin a aljihunka, mai hankali ba ya rufe gilashin gaba. Makarin rana da ke saman kanka kamfani ya sa maka kyauta, ka sauke shi.

Tambaya: Baba, mahaifina ya haura shekara 65 kuma har yanzu yana tuƙa kansa. Kwanan nan yana cewa fitilun motoci suna kashe masa ido da dare, yana ganin kamar zobe kewaye da su. Hankalina ya tashi. An ce in saya masa tabarau mai ruwan ɗorawa na tuƙin dare. Daga 'yarka, Zariya.

Amsa: Allah ya yi miki albarka, 'yata, da kika lura. Ki kwantar da hankalinki, amma kar ki sayi tabaran nan. Duk gilashi mai launi rage haske yake yi, da dare kuwa haske ake nema.

Fara da motar. Cikin gilashin gaba yakan tara wani siririn datti da ba a gani da rana, daga ƙurar hunturu da tiririn robar dashbod, sai fitila ta doke shi ya baje. A goge shi ta ciki da ruwa da ɗan binega, a bi da busasshen tsumma mai tsabta, ba da tafin hannu ko gefen babbar riga ba. A duba wajen gilashin ma. In an saba kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, za ki ga ya yi zane-zane, irin wannan sai dai canji. Madubin tsakiya kuma yana da ɗan harshe a ƙasansa, in aka tura shi da dare hasken na baya ya daina dukan ido.

Sai dai zoben nan da yake gani, a shekarunsa, yana daga cikin alamun yanar ido. Ana yin aikinta kullum kuma mutane suna warkewa. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana Kaduna, kusa da ku. Ki lallaɓa shi ku je a auna, har da hawan ido. Kafin nan a samu wani ya riƙa kai shi in magariba ta yi. Ki faɗa masa da ladabi, dattijai ba sa son a karɓe musu makulli.

Tambaya: Zan tafi Maiduguri daga Kano, ƙarfe nawa ya fi in tashi? Daga wani Alhaji, Fagge.

Amsa: Alhaji, hanyar gabas ta nufa. In ka tashi da asuba, rana za ta fito maka ido da ido wajen Wudil ko gaba kaɗan, ga hazo in lokacin hunturu ne. Ba zan ce ka fasa sammako ba, hanya ce mai nisa kuma gara a isa da rana. Amma a sa'ar farkon nan ka rage gudu, ka ba motar gabanka tazara. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ka lissafa in rana ta rufe maka ido na daƙiƙa uku. A dawowa kuma kar ka bari la'asar sakaliya ta same ka kana fuskantar yamma.

Tambaya: Fitilun wasu suna kashe min ido, zan sa farin ƙwai mai ƙarfi irin LED in rama. Daga wani ɗan kabu-kabu, Katsina.

Amsa: In ka makantar da mai tirelar da ke tahowa, kan wa zai faɗo? Ƙwan LED a cikin gidan fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin watsa haske yake yi ko'ina, kai ma ba ka ƙara ganin nesa. Ka kai motar a saita maka fitilun, a goge robarsu in ta yi hazo. Wanda ya ƙi yi maka dim kuma, ka kawar da ido zuwa gefen titi na hannun dama, ka sassauta har ya wuce.